Wa ya tona asirin daji? Kafafen sada zumunta da cunkoson mafarauta a filayen gwamnatin Amurka

Shin hoto guda da wani ya ɗora a Instagram zai iya ɓata dajin da mutum ya shekara ashirin yana farauta a ciki? Mafarauta da yawa a yammacin Amurka za su ce maka ƙwarai kuwa. Za su kai ka gindin dutse da asubar fari, su nuna maka inda a da ake tarar da mota biyu ko uku, yanzu kuwa motoci sun yi layi har bakin titi, kowace da lambar wata jiha mai nisa. Wasu kuma za su ce maka kukan daɗi ne kawai, kukan mutanen da suka saba cin daji su kaɗai alhali dajin na kowa ne. Tun wajen 2020 ake wannan ka-ce-na-ce, kuma ba ta tsaya a fatar baki ba, domin jihohi irin su Kolorado da Aidaho sun riga sun sauya dokokin lasisinsu saboda ita.

Inda mutane ke rikicewa shi ne, alƙaluman ƙasa na cewa mafarauta sun ragu a kan yadda suke shekara arba'in da suka wuce, su kuma masu shiga daji suna rantsuwa bai taɓa cika kamar yanzu ba. Babu maƙaryaci a cikinsu. Sai an san yadda Amurka ta raba ƙasa da dabba da kuɗi kafin a gane yadda maganganun biyu suka zama gaskiya, da kuma girman laifin da ya dace a ɗora wa wayar hannu.

## Wane daji ake nufi?

Gwamnatin tarayyar Amurka na riƙe da fili kimanin eka miliyan 640, kusan kashi 28 cikin ɗari na ƙasar. In aka auna shi da Najeriya, ya kusa ninka ta uku. Hukumomi biyu ne suka fi shafar mafarauci: Hukumar Kula da Filaye da ake kira BLM, mai eka kusan miliyan 245, da Hukumar Gandun Daji, mai eka kusan miliyan 193. A yawancin waɗannan filaye babu ƙofa, babu mai karɓar kuɗin shiga. Mutum zai ajiye motarsa, ya saɓa jakarsa, ya kafa tanti ya kwana har mako biyu a wuri guda ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Manyan gandayen shaƙatawa irin su Yellowstone daban suke, a can an hana farauta.

Sai dai rabon filin bai zo daidai ba. Kusan kashi 80 na jihar Nebada na tarayya ne, Yuta da Aidaho sun haura kashi 60, Wayomin ta kusa rabi. Teksas kuwa, duk faɗinta da yawan mafarautanta, filin tarayya a cikinta bai kai kashi 2 ba. Yawancin jihohin gabas da na tsakiya ma gonaki ne masu shinge. Don haka duk wanda ba shi da gona, ba shi da aboki mai gona, kuma yana sha'awar tafiyar kwanaki a daji, yamma zai nufa.

Akwai wani rabon kuma. Ƙasar ta tarayya ce, amma dabbar da ke yawo a kanta amana ce a hannun jiha. Jiha ce ke sa ranar buɗe farauta da ranar rufewa, ita ke yanke adadin dabbobin da za a harba da kuɗin lasisi, ta kuma kasa dajinta shiyya-shiyya, kowace da lambarta. Doka ta yarda ta fifita 'ya'yanta a kan baƙi. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 1978 a wata ƙara da aka kai jihar Montana. Shi ya sa a Kolorado ɗan jiha ke yankar lasisin elk a ƙasa da dala 100, wanda ya zo daga wata jiha ya biya wajen dala 800.

Shi elk ɗin nan ƙaton dabba ne dangin barewa, namijin kan haura kilo 300, da ƙahoni masu rassa. A watan Satumba, lokacin barbara, mazan kan saki wani dogon kuka mai kama da busa wanda ake jiyowa daga nesa. Maharbi mai kwari da baka sai ya kwaikwayi kukan, ya jawo namijin har ya zo tazarar taku talatin yana huci. Babu abin da ya fi wannan kyau a bidiyo, kuma rabin rigimar daga nan ta taso.

## An hana sayar da nama, ba a hana sayar da hoto ba

Wanda ya saba ganin naman daji a kasuwa ko a bakin hanya zai yi mamakin jin cewa a Amurka laifi ne ka sayar da naman dabbar dawa da ka harbo. Ka ci, ka ba maƙwabci, ka cika firinji, amma kada kuɗi ya shiga tsakani. Asalin wannan doka ɓarnar ƙarni na 19 ce, lokacin da 'yan kasuwar nama da fata suka kusa share dajin ƙasar. Ɓaunar Amurka da ake ƙirgawa da miliyoyi ta koma 'yan ɗaruruwa a dawa, elk ya sauko zuwa kimanin 41,000 a 1907. Dokar Lacey ta 1900 ta haramta safarar naman da aka harba ba bisa ƙa'ida ba daga jiha zuwa jiha, jihohi kuma suka rufe cinikin a cikin gida. Yau elk ya kai wajen miliyan guda, kuma garke mafi girma, kusan 300,000, yana Kolorado.

Kuɗin wannan farfaɗowa daga aljihun masu bindiga ya fito. Dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta keɓe harajin doguwar bindiga da harsashi, wanda yau yake kashi 11 cikin ɗari, domin kula da dabbobin dawa, daga baya aka haɗa da ƙananan bindigogi da kwari da baka. Ana raba wa jihohi kuɗin ne rabi bisa faɗin ƙasarsu, rabi bisa yawan waɗanda suka yanki lasisi. A lura da wannan da kyau: hukumar dabbobin dawa ta jiha tana samun kuɗi daga lasisin da ta sayar, sannan yawan lasisin ya ƙara mata kaso daga Washinton. A jihohin duwatsu kuma, kaso mafi tsoka na kuɗin lasisi daga baƙi yake zuwa, tunda lasisin baƙo guda ya fi na 'yan jiha goma.

To da aka ga masu lasisi sun kai kusan miliyan 17 a farkon shekarun 1980, sannan binciken ƙasa na 2016 ya samu mafarauta miliyan 11.5 kacal, sai hankalin kowa ya tashi. Hukumomin jihohi da ƙungiyoyin mafarauta da kamfanonin kayan farauta suka haɗa kai a kan shiri mai ƙafa uku: a jawo sababbi, a riƙe na ciki, a dawo da waɗanda suka rataye bindiga. Kafafen sada zumunta suka zo a kan gaɓa. Shirin MeatEater na Steven Rinella, wanda ya fara a 2012 daga baya ya hau Netflix, ya nuna wa 'yan birni farauta a matsayin hanyar samun nama mai tsabta. Randy Newberg na Montana ya shahara da koya wa mai ƙaramin ƙarfi yadda zai shiga filin gwamnati da ƙafarsa ba tare da ya biya ɗan jagora ba. Joe Rogan, mai shirin hira da miliyoyi ke saurare, ya riƙa kawo maharba suna ba da labarin elk. A ƙarƙashin waɗannan manya kuma akwai dubban matasa da kamfanoni ke ba su tufafi da baka da madubin hangen nesa, wani lokaci har da kuɗi, a madadin hotuna. Wanda ya karɓi irin wannan kaya, dole kowace kaka ya kawo sabon hoto da sababbin ƙahoni. Sai ga korona a 2020: an rufe filayen wasa da gidajen kallo, mutane na aiki daga gida, cinikin lasisi ya tashi.

Nan ne masu suka ke da hujjar da ta fi ƙarfi. Shekara ɗari da wani abu ana kiyaye ƙa'idar cewa kada kowa ya ci kuɗi da gawar dabbar jama'a, sai ga ɓarauniyar hanya ta ɓullo. Naman ba ya shiga kasuwa, amma bidiyon harbin yana kawo kuɗin talla, kuma dabbar da ke cikinsa da dutsen da aka harbe ta a kai duka na jama'a ne.

## Yadda ake ƙona wuri

Idan aka bayyana wuri ga duniya har ya daina amfanar kowa, mafarauta kan ce an ƙona shi. Ba sai an rubuta sunan kwarin ko an manna alamar taswira ba. Ambaton lambar shiyya ya isa. Allon bakin hanya da ya gifta a bidiyo na daƙiƙa biyu ya isa. Akwai mutanen da za su ɗauki hoton da ka tsaya riƙe da ƙahoni, su dubi siffar tsaunin da ke bayanka, su buɗe Google Earth su yi ta juya taswira har layin duwatsun ya dace. Daga nan sai a yi ta turawa a rukunoni. Su kuma manhajojin, da zarar sun ga hoto ya ja ido, sai su ƙara tura shi gaban duk wanda ya taɓa nuna sha'awar farauta, wato daidai mutanen da ke da bindiga da mota da hutun sati guda a Satumba.

Amma a ganina hotuna ba su kai taswirar waya tasiri ba, ko da yake an fi zaginsu. A da, sanin daji tsada gare shi. Sai ka gaje shi daga uba ko kawu, ko ka kashe takalma shekara da shekaru kana ɓata kana dawowa. Baƙo kuma yana tsoron ya taka gonar wani bai sani ba a kai shi kotu, domin sau da yawa babu shinge tsakanin filin gwamnati da na mutum. Kamfanin onX, wanda aka kafa a garin Missoula na Montana a 2009, ya kawar da wannan tsoro. Manhajarsa tana nuna maka inda kake tsaye, da iyakar kowane fili, da sunan mai shi, ko da babu sabis. Wasu kamfanonin irin su GoHunt suka tattaro alƙaluman jihohi, suna sayar wa mai biyan kuɗin shekara bayanin wace shiyya ce ta fi sauƙin samun lasisi, wace ce ta fi yawan nasara. Ilimin da ke cin shekara goma ya koma na dare guda a kan kujera.

Illar ita ce kowa darasi ɗaya ya koya. Bidiyon koyarwa sun ce ka nemi inda ya yi nisa da titi, kusa da ruwa, a gangaren da ke fuskantar arewa inda itatuwa suka yi duhu. Mutum dubu suka tambayi manhaja guda tambaya guda, amsa guda za ta ba su. Sai ka yi tafiyar kilomita takwas cikin duhu kana hawan dutse, kana murnar ka tsere wa jama'a, ka isa ka hango fitilun goshi uku sun riga ka. Wani lokaci ma kukan da ka bi tun asuba ba na elk ba ne, wani maharbi ne ke busa nasa, kowannenku yana lallaɓo ɗan'uwansa.

Ba farauta kaɗai wannan ya shafa ba. Horseshoe Bend, wata lanƙwasa ta kogin Kolorado a Arizona wadda a da 'yan tsiraru ke zuwa, ta koma karɓar baƙi wajen miliyan biyu a shekara bayan hotonta ya karaɗe Instagram. A 2018 hukumar yawon buɗe ido ta Jackson Hole a Wayomin ta fito fili tana roƙon baƙi su daina manna ainihin wurin da suka ɗauki hoto. Bambancin shi ne lanƙwasar kogi tana nan ko mutum nawa suka zo. Elk kuwa ƙafa gare shi da hanci.

Wani abin da bidiyo ba ya nunawa: a cikin masu bin elk da kwari da baka a shiyyoyin da kowa ke iya shiga, kusan mutum ɗaya cikin goma ne ke komawa gida da nama. Sauran taran ba su cika ɗora komai ba.

## Mafarauta sun ragu, daji ya cika

Yaya aka yi haka? Abu na farko, mafarauci guda na yau ba irin na 1982 ba ne. Na da yana farautar barewa a bayan garinsu ranar Asabar. Na yau yana neman lasisi a jihohi huɗu ko biyar ta intanet a zama ɗaya, ya tuƙa mota kwana biyu, ya zauna a daji kwana goma. Jimillar ƙasa za ta iya sauka alhali ƙafafun da ke kan duwatsun Kolorado da Montana suna ƙaruwa. Ga kuma jama'ar da ta yi ta ƙaura zuwa Aidaho da Yuta da Kolorado, waɗanda bayan 'yan watanni suke zama 'yan jiha a idon doka. Ga masu hawan dutse da masu keke da masu babura masu ƙafa huɗu, duk a hanya guda.

Na biyu, gonakin mutane sun rufe. A da mafarauci kan ƙwanƙwasa ƙofar makiyayi, a gaisa, a ce masa shiga amma ka rufe shinge in za ka fita. Yanzu da yawa daga waɗannan filaye an ba da hayarsu ga kamfanonin jagorar farauta da ke karɓar dubban daloli a kan kowane baƙo, ko kuma wani attajiri daga nesa ya saye ya sa kwaɗo. Duk wanda aka rufe wa ƙofa, filin gwamnati yake komawa.

Na uku shi ne wanda ya fi ba ni mamaki: akwai filin gwamnati mai yawa da jama'a ba su da hanyar shiga. A 2018 kamfanin onX da ƙungiyar Theodore Roosevelt Conservation Partnership suka auna, suka samu eka miliyan 9.52 na filin tarayya a jihohin yamma wanda gonakin mutane suka kewaye ta kowane ɓangare. Da aka haɗa da filayen jihohi a shekarar da ta biyo, sai ya kusa eka miliyan 16. Wani ɓangaren wannan gadon zamanin shimfiɗa layin dogo ne. A shekarun 1860 gwamnati ta saka wa kamfanonin jirgin ƙasa da filaye, amma ba a dunƙule ba: murabba'in mil guda na kamfani, na kusa da shi na gwamnati, haka haka har tsawon ɗaruruwan mil, kamar gidajen allon dara baƙi da fari. Gidajen kamfani suka koma hannun makiyaya da attajirai, na gwamnati suka zama ba sa taɓa juna sai a kan kusurwa. Mai gidajen da ke kewaye ya wayi gari yana cin moriyar nasa da na jama'a gaba ɗaya.

Su kansu dabbobin sun gane wannan taswira tun kafin a ƙirƙiro manhaja. Masu bincike na Jami'ar Brigham Young sun bi ɗaruruwan elk da aka sa wa abin wuya mai nuna inda suke a tsaunukan Wasatch na Yuta, suka wallafa a 2022 cewa amfanin da garken ke yi da filin gwamnati na raguwa da kusan kashi 30 cikin ɗari a tsakiyar lokacin farautar bindiga. Suna tsallakawa gonakin da ba a harbi, in an rufe farauta su dawo. Ke nan cunkoso na cin mafarauci ta fuska biyu: mutane sun yi yawa a gefensa, dabbar kuma tana kiwo a bayan shingen da ba zai iya ƙetarewa ba, yana kallonta da madubi.

## Rigimar cikin gida

Mutumin da ya fi ɗaga murya a kan masu tallar farauta shi ne Matt Rinella, masanin filayen kiwo a Montana, kuma ɗan'uwan Steven Rinella na jini. A 2021 ya rubuta cewa a daina kamfen ɗin jawo sababbin mafarauta, ya kuma yi kira ga mutane su daina bin shafukan masu nuna gawar dabba don neman mabiya. Daga baya ya jagoranci wata tafiya mai suna Hunt Quietly, wadda manufarta ita ce a yi farauta shiru. Hujjarsa ita ce abin da ya kamata a ƙirga ba yawan mafarautan ƙasa ba ne, yawan mafarauta a kan kowace ekar da ake iya shiga ne. Kuma tallar da ake yi ita ke sa filaye su yi tsada har mai gona ya gwammace ya ba da haya maimakon ya bar maƙwabci ya shiga kyauta. A taƙaice yana cewa a bar kaza cikin gashinta.

Ɗaya ɓangaren ma ba hannu rabbana suka zo ba. Suna cewa mafarauta ba su fi 'yan kashi kaɗan cikin ɗari na Amurkawa ba, kuma 'yan tsirarun da suka yi shiru ba sa cin zaɓe. Suna da misali. A farkon 2017 ɗan majalisar wakilai Jason Chaffetz na Yuta ya gabatar da ƙudurin sayar da eka miliyan 3.3 na filin tarayya. Mafarauta da masunta suka yi masa caa a kafafen sada zumunta, cikin kwanaki ya janye, kuma a Instagram ɗin ya sanar, da hotonsa sanye da kayan farauta. A Yunin 2025 Sanata Mike Lee, shi ma daga Yuta, ya so cusa sayar da filaye cikin babban ƙudurin kuɗi na majalisa, aka sake yi masa irin wannan taron dangi, har da 'yan jam'iyyarsa na jihohin yamma, shi ma ya janye. Shafukan da ake zargi da ƙona wurare su ne suka tara rundunar.

Suna kuma tambaya: wa aka rufe wa ƙofa lokacin da daji ke shiru? Yaron birni da ba shi da kawu mafarauci, da mace da ba a gayyata sansanin maza, da ɗan baƙin haure, duk harajinsu na cikin wannan fili. Wanda ke kukan an tona masa wuri, sau da yawa shi ma wani ne ya nuna masa.

Ni dai ina ganin an cakuɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba. Koya wa mutum karanta taswira da sanin iyaka da bin doka alheri ne, ko da ya ƙara wa tsofaffin hannu abokan takara. Fili na jama'a ba gadon gidan kowa ba ne. Amma wanda ya ɗauki wani ɗan kwari da ba ya iya ɗaukar mutum biyar, ya haska shi ga mabiya dubu ɗari biyu don kamfani ya biya shi, shi ya karɓi riba, maƙwabtan wurin da dabbobinsa suka ɗauki asara. Babu dokar da ta hana shi. Hasali ma majalisa ta sassauta: dokar EXPLORE da aka sa wa hannu a Janairun 2025 ta ɗauke wa ƙananan ayarin masu ɗaukar bidiyo, waɗanda ba su kai mutum shida ba, wajibcin neman izini a filayen tarayya.

## Matakan jihohi, da wanda suka faɗa wa a ka

Jiha ba ta da iko a kan YouTube, tana da iko a kan lasisi, don haka nan ta sa wuƙa. Kolorado ta daɗe tana sayar da lasisin elk ga duk wanda ya zo da kuɗinsa, babu iyaka, har baƙi suka kai ga fin 'yan jiha yawa a cikin masu kwari da baka. A 2024 hukumar jihar ta yanke cewa daga kakar 2025 baƙo mai baka sai ya shiga ƙuri'ar rabon lasisi a mafi yawan shiyyoyi. Aidaho ta fara ƙayyade adadin baƙi shiyya-shiyya daga 2021, ranar 1 ga Disamba ta zama ranar da dubban mutane ke kwana gaban kwamfuta suna bin layin intanet, har daga baya ita ma ta koma ƙuri'a. Wayomin ta yi doka a 2022 da ta ware wa 'yan jiha kashi 90 na lasisin manyan dabbobi masu wuyar samu, irin su ragon dutse da ɓauna. Arizona kuma ta hana amfani da kyamarar da ake ɗaurewa a jikin itace domin farauta daga farkon 2022, bayan an kai matsayin da ake tarar da kyamarori jingim a bakin mashaya guda a hamada. Nebada da Yuta sun taƙaita lokacin amfani da su.

Hukumomin nan gaba kura baya sayaki suke. 'Yan jiha masu zaɓe na cewa a rage baƙi, baitulmali na cewa baƙi ne ke biyan albashin masu gadin daji da kuɗin ƙirgen dabbobi. In aka rage yawansu, sai a ƙara musu farashi ko a ƙara wa 'yan gida. Sannan duk jihar da ta tsuke ƙofarta, waɗanda ta kora maƙwabciyarta suke nufa, ita ma bayan shekara biyu ta tsuke tata.

Ƙuri'ar ma da nata ciwon. A jihohi da dama, duk shekarar da ba ka dace ba sai a ba ka maki guda, wanda a wasu wuraren sai ka biya kuɗi, kuma mai maki mafi yawa shi ake fara ba. Da masu nema suka yi yawa, makin da ake buƙata ya riƙa hawa kowace shekara daidai da yadda kake tarawa, ko ma fiye. Akwai shiyyoyin Kolorado da baƙo zai jira fiye da shekara ashirin. Matashin da bidiyo ya ja hankalinsa bana ya shiga bayan layin da bai san tsawonsa ba. Mai kuɗi kuwa bai damu ba: zai sayi lasisin da aka ware wa masu gonaki, ko ya biya kamfanin jagora ya kai shi bayan shinge, inda garken ya gudu. Malamin makaranta ɗan Ohayo da ke tara kuɗi shekara biyu don tafiya guda, da makanikin ƙauyen Montana da ke cika firinjin iyalinsa da naman elk, su ne ke karo da juna a gindin dutse suna harara, kowa na ganin ɗayan ne matsalarsa.

Matakin da ke rage cunkoso ba tare da korar kowa ba shi ne ƙara faɗin inda ake iya shiga, kuma shi ya fi tafiyar hawainiya. Montana na da shirin da take biyan masu gonaki don su bar mafarauta su shiga kyauta, wanda ya buɗe miliyoyin eka, sai dai abin da jiha ke biya ba ya kamo abin da kamfanin jagora zai bayar. Dokar Great American Outdoors ta 2020 ta tabbatar da dala miliyan 900 duk shekara ga asusun da ake sayen filaye da hanyoyin shiga da shi.

Sai kuma shari'ar kusurwa. A 2021 wasu mafarauta huɗu daga Mizuri suka je Elk Mountain a Wayomin da wani tsani da suka ƙera, suka nemo turken kusurwa da taswirar waya, suka haura daga wani filin gwamnati zuwa wani filin gwamnati ba tare da ƙafarsu ta taɓa ƙasar mai gona ba. Aka gurfanar da su, masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke su a 2022. Kamfanin mai gonar ya kai ƙarar neman diyya yana cewa sun ratsa sararin saman filinsa, kuma darajar gonar za ta iya faɗuwa da sama da dala miliyan 7. Mafarauta suka tara musu kuɗin lauya ta intanet. Kotun tarayya ta ba su gaskiya a 2023, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a Maris na 2025 bisa wata doka ta 1885 da ta hana killace filin jama'a, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraron ƙarar a Oktoban shekarar. Kamfanin onX ya ƙiyasta filayen da kusurwa ta kulle a yammacin ƙasar da eka miliyan 8.3, kuma kowace kusurwa tana nan a manhaja ga duk wanda ya biya kuɗin shekara. Hukuncin ya shafi jihohi shida ne kawai da ke ƙarƙashin waccan kotu, ciki har da Wayomin da Kolorado da Yuta. Montana da Aidaho da Nebada suna ƙarƙashin wata kotun daban, kuma hukuncin bai ɗaure su ba.